Daga Tsibirin Bakin Gida Zuwa Sawakin: Kowane Lokaci Da Aikinsa

Kwanan baya, bayan sallar la'asar, muna zaune gindin darbejiya a wani ƙauyenmu da ke kudu da Sinnar, sai hira ta kai mu kan zancen tafiya. Wani saurayi ya buga ƙirji ya ce shi kam bana sai ya ga teku da idonsa, ya taka tsibirin Sawakin, in da hali ma ya ƙetare zuwa Jidda. Wani dattijo da ke gefe yana gyaran koma ya ɗago kai ya ce, "Yaro, a wane wata?" Saurayin ya ce, "In Allah Ya yarda, Baba." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Allah shi ne mai yarda, amma ni watan na tambaye ka. Kakana da wannan niyya ya baro Katsina, ga kabarinsa can bayan masallaci."

Kowa ya yi dariya, amma da muka watse maganar ta ƙi barinmu. Shi ya sa a wannan wata muka ga ya dace mu tattauna batun tsibirai uku da suka shafi rayuwarmu a wannan ƙasa, da yadda mutum zai raba burinsa bisa lokutan shekara, don kada niyya ta tsufa a aljihu har 'ya'ya su gaje ta.

Hanyar da kakanni suka biyo

Kalmar Jazira kanta a Larabci tsibiri take nufi, domin ƙasar tana tsakanin koguna biyu, Shuɗin Nilu daga gabas, Farin Nilu daga yamma. Ke nan mu mutanen tsibiri ne tun fil'azal, ko da yake galibinmu hanya ce ta kawo kakanninmu, suka yada zango, zangon ya zama gida.

Tun kafin zuwan Turawa alhazan ƙasar Hausa da Barno suke ratsa Sudan a ƙafa. Amma babbar ƙaura ta zo ne bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya jagoranci waɗanda suka tsira zuwa gabas, har suka sauka bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, garin da suka kafa kuwa har yau da sunansa ake kiransa. Bayansu ayari ya yi ta biyo ayari, daga Kano da Sakkwato da Damagaram, ta Barno da Wadai, a shigo ta Jinaina, a bi Fashir da Nuhud zuwa Ubayyid, inda tun 1912 ake samun jirgin ƙasa.

Abin lura shi ne, waɗannan mutane ba da jakar kuɗi suka taso ba. Tafiyar tasu a yanke take gunduwa gunduwa. Damina ta riske su a wani gari su yi noma, kaka ta yi su sayar da hatsi su ƙara gaba, rani ya same su a wani wuri su yi ɗinki ko wanzanci ko ga-ruwa ko koyar da allo. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin tsinkar auduga ya zama babban zango na ƙarshe kafin teku. Wasu sun tara guzuri cikin shekara biyu ko uku sun wuce. Wasu kuwa aure da haihuwa da bashi suka riƙe su. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna cikin ƙauyukanmu na Jazira, ya fitar da littafi a 1995 a kan mutanen da jikokinsu ma har yanzu suna kiran kansu matafiya hajji alhali ko Bahar Maliya ba su taɓa gani ba. Ba mu raina waɗanda suka zauna ba, ai su suka gina mana garuruwan nan, kuma Allah Yana duba niyya. Sai dai in an bincika za a tarar galibin waɗanda suka isa, su ne waɗanda suka sa wa kowace kaka adadi, suka sa wa tashi rana.

Tsibiri na farko: na bakin gida

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan bakin kogi tsakanin Rusairis da Sinja da Sinnar ya san tsibiran nan na yashi da laka waɗanda ruwa ke haɗiyewa ya kuma amayar. A wasu wuraren suna fitowa ne idan ambaliya ta janye bayan damina, a wasu kuwa, musamman inda ruwan madatsa ke kwanciya, sai an saki ruwa tukuna. Su da gaɓar kogi, wadda makwabtanmu Larabawa ke kira juruf, su ne lambun talaka. Laka ce sabuwa da kogi ke ɗaukowa daga duwatsun Habasha, ba ta neman taki. Da kwalekwale ake shiga, a kafa bukka, a shuka albasa da tumatir da kuɓewa da kankana da masara, masunta kuma su kafa sansaninsu a gefe.

Wannan tsibiri shi ne makarantar farko ta tsara lokaci, domin kogi ba ya jiran kowa. Wanda ya makara da irin albasa mako biyu, zai kai kayansa kasuwa ranar da kowa ya kai nasa, ya sayar da arha. Wanda ya makara da kwashe amfani, ruwa ya riga shi.

Amma fa dole mu faɗa wa juna cewa lissafin da muka gada ya fara canjawa. An gina madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawo a 2013. Sa'an nan Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta ta kusa da iyaka a 2020, ta yi bikin buɗe ta a watan Satumba 2025. Irin wannan madatsa tana daidaita gudun kogi, wato ambaliya ta ragu da damina, ruwa ya ƙaru da rani, kuma yawancin lakar nan mai albarka tana kwanciya a bayan bango. Saboda haka manomin tsibiri na yau ba zai dogara da abin da kakansa ya faɗa masa kaɗai ba. Ya kamata kowane ƙauye ya sami mutum ɗaya mai rubuta ranar da tsibiri ya fito da ranar da ya nutse, shekara bayan shekara, don 'yan baya su sami sabon lissafi.

Tsibiri na biyu: Aba

Idan mutum ya bar Sinnar ya nufi yamma ta Jabal Moya, tafiyar kilomita ɗari ko kusa da haka za ta kai shi Rabak a bakin Farin Nilu. Arewa kaɗan da nan tsibirin Aba yake. A can Muhammad Ahmad ya yi zaman ibada cikin kogo, a can ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a 1881, a can kuma aka yi karon farko tsakanin mabiyansa da sojojin gwamnatin Turkawa da Masarawa cikin watan Agusta na wannan shekara. Daga baya ɗansa, Sayyid Abdurrahman, ya sami izinin noma a tsibirin tun 1908, ya mai da shi babbar gonar auduga ta ban ruwa da injuna. Dubban mutanen yamma, daga Darfur har ƙasar Hausa da Fulani, suka yi aiki a waɗannan gonaki, wasu don albarka, wasu don guzuri. A watan Maris 1970 kuma gwamnatin Numairi ta kai wa tsibirin hari, jama'a da yawa suka hallaka.

Ko mutum Ba'ansare ne, ko Batijjane, ko Baƙadire, akwai abin koyo a ziyarar Aba, domin da wuya a sami zuriyarmu da ba ta da ɗan uwa ko suruki a Kosti ko Rabak ko cikin tsibirin. Ziyara ce ta kwana biyu ko uku, ba ta cin kuɗi da yawa, ga ladan zumunci. Muna ganin matashin da bai taɓa fita daga gundumarsu ba, da wannan ya kamata ya fara, ya koyi riƙe guzuri da kwana a gidan mutane, kafin ya yi maganar teku. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi.

Tsibiri na uku: Sawakin

Sawakin ita ce ƙofar da kakanninmu suka yi ta mafarki. Tana bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Daga Madani hanyar mota ta bi ta Gadarif da Kasala da Hayya da Sinkat, sa'an nan ta gangaro daga duwatsu zuwa bakin teku, tafiyar da ta kai kusan kilomita dubu. Tsohon garin ɗan ƙaramin tsibiri ne zagayayye a cikin wani lungu na teku, mutum zai iya kewaye shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Wata 'yar gada da aka yi a zamanin Gordon, a 1877, ita ta haɗa shi da unguwar tudu da ake kira Gaif.

Gidajen tsibirin da dutsen murjani aka gina su, hawa biyu har uku, da tagogin katako masu ado irin na Jidda. Garin ya shiga hannun Daular Usmaniyya a ƙarni na 16, aka miƙa shi ga Masar a 1865. Da Turawan Ingila suka buɗe tashar Bur Sudan a 1909, saboda mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci, sai fatake suka yi ta ƙaura. Shi kuwa dutsen murjani in ba a shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, gishirin iska na cinye shi. Haka gidajen suka yi ta rushewa ɗaya bayan ɗaya. Turkiyya ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i da tsohon gidan kwastan, shugabanta Erdogan ma ya ziyarci tsibirin a watan Disamba 2017, amma yawancin garin kufai ne, sai kyanwoyi da ke yawo cikin duwatsu.

A nan ne alhazanmu na da suke zaman killacewa na lafiya kafin a ba su izinin shiga jirgi. Waɗanda ba su da kuɗin takarda kuwa sukan bi dare su shiga ƙananan jiragen iska da ake kira sambuk, wasu su isa, wasu teku ta ci su, wasu a sauke su a gaɓar da ba ruwan sha. A zamaninmu manyan jiragen fasinja suna tashi daga tashar Usman Digna da ke Sawakin zuwa Jidda, tafiyar dare guda, kuma ta nan ake fitar da raguna zuwa Saudiyya. Can cikin teku akwai wasu tsibiran da suka fi nisa, irin su Sanganib da Mukawwar, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016, inda a da baƙi suke zuwa ninƙaya don kallon kifaye. Mu dai tamu buƙatar ta tsaya ga Sawakin da abin da ke bayanta.

Ga mai niyyar ziyara kawai, ya sani zafin bakin teku daga Yuni zuwa Satumba ba irin namu ba ne, zafi ne mai ɗauke da laima wanda ke hana barci. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Disamba, kuma ya yi daidai da 'yar sararawar da muke samu tsakanin cire gyaɗa da yankan dawa da kuma fara tsinkar auduga.

Abin da yaƙi ya yi wa guzurinmu

Ba za mu yi wannan magana kamar ba abin da ya faru ba. A watan Yuli da Oktoba 2022 rikicin ƙabilanci a yankin Rusairis da Wad al-Mahi ya ci rayuka, ya raba dubban mutanenmu da gidajensu. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun Da'amus Sari'. Dakarun sun shiga Madani a Disamba 2023, suka shiga Sinja a ƙarshen Yuni 2024, kafin soja su karɓe Sinja a Nuwamba 2024, su karɓe Madani a Janairu 2025. A tsakanin nan an yi asarar rayuka, da shanu, da injunan ban ruwa, da hatsin rumbu, da zinaren mata. Akwai 'yan uwanmu da suka fara ganin tekun nan da kakanninsu suka yi buri, amma a matsayin 'yan gudun hijira. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa kowa da alheri.

Daɗin daɗawa darajar fam ta zube, har aka canja manyan takardun kuɗi daga Disamba 2024. Wanda ya ƙulle guzurin hajjinsa cikin tsumma ya binne, ya tono ya tarar ba zai saya masa ko rago ba. To, da yake yawancinmu daga tushe za mu sake farawa, babu dabarar da ta fi ta kakanni, wato a raba babban buri ƙanana ƙanana, kowane lokaci a ɗora masa abin da zai iya ɗauka.

A raba shekara huɗu

Malamanmu masu hisabi sun raba shekara taurari 28, kowane kwana 13, ɗaya kwana 14. Manoman Sudan ma da su suke lissafi, suna ce musu ina. Zira'a, wadda su ke kira Dura'a, tana kamawa wajen 9 ga Yuli, Nasara ta biyo ta, sai Ɗarfa, sai Jabha mai ruwa kamar da bakin ƙwarya a tsakiyar Agusta. Wanda ya riƙe wannan lissafi yana da kalandar da ba ta yagewa. Ga shawararmu.

Damina, wato kharif. Wannan lokacin shuka ne da noma, ba na tafiya ba. Hanyoyin ƙauye laka ce mai riƙe mota, ga zazzaɓin sauro. Burin wannan lokaci guda ɗaya ne: a fita daga damina da ɗan bashi kaɗan. Bashin shel, wanda ake karɓar kuɗi ko hatsi a biya da amfanin gona a farashin wulaƙanci, shi ya cinye hajjin mutane da yawa tun zamanin kakanni. Mai noman hawasha ta wani bisa rabo, ya tabbata an yi sharaɗi gaban shaidu tun kafin a zuba iri.

Kaka, wato darat. Ranar da aka auna buhuna, a ranar za a ware rabon buri, bayan zakka da abincin gida. In an ce sai an ga abin da ya rage, to babu abin da zai rage, biki da suna za su cinye. Kuma a ajiye rabon nan a hatsi ko gyaɗa ko ɗan tunkiya, domin su farashinsu yana tafiya da zamani.

Sanyi, wato shita. Ana shuka alkama a Nuwamba, tsinkar auduga ta kankama daga Janairu, lambun tsibiri yana bayarwa, kifi yana da kasuwa. Wannan ne lokacin da kuɗi ke shiga hannu kullum, saboda haka shi ne lokacin adashi, wanda a nan muke ce wa sanduƙ. Mata sun fi mu iya wannan, a tambaye su. Ziyarar Aba ko Sawakin ma a farkon wannan lokaci ta fi dacewa.

Bazara, wato saif. Aikin gona ya yi sauƙi, sai a juya ga takardu. Wannan batu ne da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi a nuna cewa kakannin mutum suna Sudan tun ƙarshen 1897, abin da ya bar jikokin mutanen Burmi da yawa a waje. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956. Duk wanda bai da lambar ƙasa, ko ya rasa takardunsa a gudun hijira, ya sa neman su ya zama burinsa na bazara, shi da matansa da 'ya'yansa, domin ba a samun fasfo sai da ita. Mai niyyar hajji kuma ya yi allurar shawara da ta sanƙarau, waɗanda Saudiyya ke nema daga mutanen ƙasarmu.

Akwai wani lissafin da ya kamata manomi ya yi. Watan hajji yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 an yi tsayuwar Arfa ran 15 ga Yuni, a 2025 ran 5 ga Yuni. Ke nan a 'yan shekarun nan hajji yana faɗawa cikin bazara, mutum ya gama girbin alkama a Maris, ya je ya dawo kafin Zira'a ta kama, bai rasa ko kwana ɗaya na gona ba. Amma nan da wajen 2032 zai koma cikin Maris, ya haɗu da girbi, bayan nan kuma ya shiga lokacin auduga. Mai hankali zai ga cewa ƙofa a buɗe take yanzu, sai ya ƙidaya kaka nawa yake buƙata.

Gargaɗi ɗaya za mu ƙara. Kada gaggawa ta sa wani ya bi hanyar sambuk ta zamani, wato dillalan da ke cewa za su ƙetarar da mutum ba takarda. A hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, galibi saboda zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin hajji, don haka ba su da tanti ko motar da za ta ɗauke su. Wanda bai sami iko ba, Allah bai ɗora masa ba.

Shi dai saurayin nan mun sake haɗuwa da shi a bakin kogi yana ɗaure kwalekwale. Ya ce mana ya koma wajen dattijon da amsa. Bana albasar tsibiri da takardu, baɗi cikin Disamba ya kai mahaifiyarsa Kosti da Aba wajen danginta, shekara ta uku kuma Sawakin, in rai ya kai kuma hanya ta yi lafiya. Dattijon, in ji shi, bai ce komai ba, sai ya miƙa masa komar da ya gama gyarawa ya ce ya riƙe ta aro har ya sayi tasa.

Muna roƙon masu karatu, musamman limamai da shugabannin matasa da na mata, su karanta wa waɗanda ba su iya boko ba wannan shafi, kowane gida kuma ya zauna ya yanke abin da zai cim ma kafin damina mai zuwa. Wanda yake da labarin yadda kakansa ya ƙetare daga Sawakin, ya rubuto mana, za mu buga. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai mai niyya inda ya nufa. Amin.